Ba shayi, ba kofi, hidima ba hutu: yadda matan Mormon ke rayuwa da addininsu

Ɗan Nijar da ya yi zaman bida a Abijan, Akra ko Legas da wuya a ce bai taɓa cin karo da su ba: ƴan mata biyu-biyu cikin dogon siket, da ɗan baƙin allo mai ɗauke da suna maƙale a ƙirji, suna bin unguwa-unguwa da littafi a hannu. Ƴan mishan ne na cocin da duniya ta fi sani da sunan Mormon. Kowacce a cikinsu ta ajiye karatu ko aiki na tsawon wata 18, kuma ba wanda ke biyanta albashi.

Masu bibiyar TikTok da Instagram kuwa wata fuska daban suka sani, ta matan jihar Yuta a Amurka masu manyan gidaje da tarin yara, suna rawa a gaban waya ko suna gasa burodi. Shirin The Secret Lives of Mormon Wives da kamfanin Hulu ya fara nunawa a Satumban 2024 ya ƙara yayata wannan hoto, da rigingimun aure da cin amana a ciki. Tun kafin shirin ya fito cocin ta fitar da sanarwa, ba tare da kama suna ba, tana kokawa da yadda masu shirya fina-finai ke jirkita addinin.

Tsakanin ƴar mishan da tauraruwar waya akwai miliyoyin matan da ba wanda ke ɗaukar hotonsu. Cocin ta ce mabiyanta sun kai miliyan 17.5 a ƙarshen 2024, kuma fiye da rabinsu ba a Amurka suke ba. Cikakken sunanta Cocin Yesu Almasihu ta Tsarkakan Zamanin Ƙarshe. Joseph Smith ne ya kafa ta a jihar Niyok ranar 6 ga Afrilun 1830, kuma bayan Littafi Mai Tsarki na Kirista tana da nata littattafan, wanda aka fi sani a ciki shi ne Littafin Mormon. A 2018 shugabanta na lokacin, Russell Nelson, ya nemi a daina kiran mabiya da sunan Mormon, amma har yau bakin jama'a bai saki sunan ba.

Lahadi ba ranar hutu ba ce

A majami'ar unguwa babu malamin da ke karɓar albashi. Bishop, wato shugaban majami'ar, zai iya kasancewa likitan haƙori ko direba, yana yin aikin cocin bayan ya taso daga nasa. Haka kowane babba ake ɗora masa wani aiki da suke cewa "kira": wannan ta koyar da yara ƙanana, waccan ta kaɗa piyano, wata ta kula da ƴan mata matasa. Ba a neman aikin, bishop ne ke kiran mutum ofis ya shaida masa, kuma a al'adance ba a cika cewa a'a ba.

Tun daga Janairun 2019 taron Lahadi awa 2 ne, a da 3 ne. Awa ta farko ta jibin Ubangiji ce, da burodi da ruwa a maimakon ruwan inabi, sannan mambobi biyu ko uku su yi wa'azi, mata a ciki. Yara ba a ware su a wannan awa, shi ya sa uwa mai ƴaƴa huɗu ke zuwa da jaka cike da biskit da takardun zane, tana sauraren wa'azi da kunne ɗaya tana raba faɗa da hannu ɗaya. Awa ta biyu ta azuzuwa ce.

Lahadin farko na kowane wata kuwa ta azumi ce. Ana barin ci da sha na tsawon abinci biyu, kusan awa 24, a ba bishop kuɗin da za a kashe wa abincin domin mabuƙatan unguwa. A ranar ba a tsara masu wa'azi, duk wanda zuciyarsa ta motsa sai ya tashi ya ba da shaida. A nan ne ake jin muryar mata ba tare da takarda ba: wadda mijinta ya rasa aiki, wadda ta yi ɓari, wadda ɗanta ya daina zuwa coci. Wannan sadakar azumi daban take da ushiri, kashi 10 cikin 100 na abin da mutum ya samu, wanda sai an biya shi ake samun takardar shiga haikali.

Haikali ba ɗaya yake da majami'a ba. Majami'a kowa na iya shiga. Haikali sai mamba mai takarda, kuma a can ake ɗaura auren da suka yi imani ba ya mutuwa ko bayan mutuwar ma'auratan.

Matan da suka tara alkama

Kowace mace mai shekara 18 zuwa sama mamba ce ta ƙungiyar Relief Society, wato ƙungiyar agaji ta matan cocin. Mata 20 ne suka kafa ta a garin Nauvoo na jihar Illinois ranar 17 ga Maris na 1842, Emma Smith, matar Joseph Smith, tana shugabanta. A aikace ita ce ƙashin bayan unguwa. An haɗa mata biyu-biyu an ba su sunayen wasu matan da za su riƙa leƙawa. Idan aka haihu, takarda ce za ta zagaya a rubuta wadda za ta kai abinci Litinin da wadda za ta kai Talata. Idan aka yi rasuwa su ne ke girkin masu makoki, har akwai wani dankali da cuku da ake gasawa wanda a Yuta sunansa ya zama dankalin jana'iza. Idan mace ce ta rasu kuma ta taɓa shiga haikali, ƴan uwanta mata ko matan ƙungiyar ne ke sa mata fararen tufafin binnewa. Shugabar ƙungiyar a unguwa ita ke shiga gidan da tukunya ta daina hawa wuta, ta zauna da uwar gida su lissafa abin da ya ƙare, a rubuta takardar karɓo kaya daga ma'ajiyar abincin cocin, bishop ya amince.

Labarin alkama ne ya fi nuna ƙarfin da ƙungiyar ta taɓa yi, kuma wanda ya san bankin cimaka a karkarar Maraɗi ko Tawa zai gane shi nan take. A 1876 Brigham Young, wanda ya jagoranci mabiya zuwa kwarin Salt Lake a 1847 bayan an kashe Joseph Smith, ya ɗora wa wata ƴar jarida, Emmeline Wells, aikin sa mata su tara hatsi saboda fargabar fari da fara. Matan suka riƙa kalar alkama a gonaki bayan girbi, suna sayar da ƙwan da kaji suka yi ranar Lahadi su sayi hatsi, suka gina rumbunansu da kuɗinsu. Suna ba manoma rancen iri a dawo musu da ƙari. Lokacin girgizar ƙasar San Francisco a 1906 sun aika da gari. A 1918, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya, gwamnatin Amurka ta sayi sama da tan 5,000 na alkamarsu, fiye da buhu 50,000 ke nan mai kilo 100.

Sai dai ƙungiyar da ta yi wannan aiki ba ta da asusun kanta a yau. A farkon shekarun 1970, a wani gyaran fuska da ya tattara komai ƙarƙashin shugabannin maza, aka rufe mujallarta, aka mayar da kuɗinta cikin baitulmalin coci. A 1978 ta miƙa ragowar alkamar, kusan tan 7,000. Ɗabi'ar tanadi dai ta zauna a gidaje: har yanzu ana koya wa iyalai su ajiye abincin wata 3 da ruwa da ɗan kuɗi, kuma a ƙarƙashin gidaje da yawa a Yuta akwai ɗaki guda na gwangwanaye da bokitan alkama da wake, uwar gida ce ke riƙe da lissafinsa.

Dokar da ta faro daga sharar ɗaki

Matashin da ya saba da zaman fada, butar shayi na kan gawayi daga na farko har na uku, zai sha mamaki a gidan ɗan Mormon. Ba shayi, ba kofi, ba taba, ba giya. Dokar ta samo asali a 1833 a garin Kirtland na jihar Ohio, kuma kamar yadda Brigham Young ya ba da labari daga baya, da hannun mace a ciki. Mazan da ke karatu a ɗakin saman shagon da Joseph Smith ke zaune suna shan lofe suna tauna taba suna tofarwa a ƙasa, Emma ce ke gogewa, ta yi ƙorafi. Bayan nan ne mijinta ya sanar da abin da suke kira Kalmar Hikima. Da farko shawara ce, sai a ƙarni na 20 ta zama sharaɗin shiga haikali.

Ganyen shayi ne aka hana, baƙi ko kore, da zafi ko da sanyi. Na'a-na'a ko citta a ruwan zafi ba laifi. Lemun kwalba ma ba a hana ba: a 2012 cocin ta fayyace cewa dokar ba ta ambaci sinadarin kafeyin ba, kuma a 2017 jami'arta ta Brigham Young ta fara sayar da Coca-Cola mai kafeyin a harabarta. Abin da ya biyo baya a Yuta shi ne shagunan lemu irin su Swig, da aka buɗe a 2010, inda ake zuba wa lemun kirim da ruwan kwakwa. Layin motocin iyaye mata da safe a bakin waɗannan shaguna ya zama abin barkwanci har a tsakaninsu. Sikarin da ke cikin kofi ɗaya na wannan haɗin ya isa ya sa mai shayin fada jin kunya.

Akwai kuma dokar da ba a gani. Duk wadda ta yi alkawuran haikali tana sa fararen tufafin ciki na musamman dare da rana, riga mai ɗan hannu da wando har gwiwa, a matsayin tunatarwa. Su ke yanke irin rigar da za ta saya, domin dole kayan waje su rufe su. Shekaru da dama mata na kokawa kan zafi, da ƙaiƙayi, da wahalar sa su lokacin al'ada, goyon ciki ko shayarwa. A Oktoban 2024 cocin ta fito da samfuri marar hannu, da wani mai kama da shimi, ta fara rabawa a ƙasashe masu zafi kamar Kenya, Uganda da Filifin. Zafin Afirka ne ya buɗe ƙofar da matan Amurka suka daɗe suna ƙwanƙwasawa, har wasunsu suka riƙa aike a sayo musu daga waje kafin kayan su iso ƙasarsu.

Uwa a gida, lauya a kan mumbari

Koyarwar cocin ta ɗora iyali a kan komai. A sanarwar da shugaba Gordon Hinckley ya karanta a taron mata na Satumban 1995, an ce uba ne ke jagorantar gida da ciyar da shi, uwa kuma renon yara ne babban aikinta, su biyun su taimaki juna a matsayin abokan tafiya daidai wa daida. Kafin nan, a 1987, shugaba Ezra Taft Benson ya yi kira ga iyaye mata su bar aikin albashi su koma gida, kuma mata da yawa sun ajiye karatu da aiki saboda wannan jawabi. Binciken cibiyar Pew na 2014 ya gano cewa ƴan Mormon masu shekara 40 zuwa 59 a Amurka suna da ƴaƴa 3.4 a matsakaici, alhali na ƙasar baki ɗaya 2.1 ne.

Shi ya sa jawabin Camille Johnson a watan Mayun 2024 ya tayar da ƙura. Ita ce shugabar Relief Society ta duniya tun 2022, lauya ce da ta yi kusan shekara 30 tana aiki tana renon ƴaƴa maza uku, kuma ta faɗi haka a gaban dubban mata a matsayin hanyar da ta bi da addu'a. Matasa sun ji daɗi. Wasu daga cikin sa'o'inta kuwa, waɗanda suka bi umarnin 1987 sau da ƙafa, suka tambaya a fili: to su da suka haƙura da nasu burin fa? Tambayar tana da nauyi, domin macen da aka saka tana da shekara 50 ba takardar aiki ba fansho, ba jawabi ne zai biya mata hayar gida ba.

Batun da ya fi kowanne zafi shi ne na iko. Matsayin firist na maza ne kaɗai, kuma yaro na samun matakin farko a shekarar da zai cika 12. Shi zai zagaya da farantin jibi ya miƙa wa uwarsa, ita ba za ta taɓa yin wannan aiki ba. Mace ba ta zama bishop, ba ta yin baftisma, ba ta ƙirga kuɗin ushiri, kuma idan za a yanke hukunci kan zamanta mamba, maza ne ke yankewa. A ƙarni na 19 matan cocin suna ɗora hannu a kan marar lafiya ko mai naƙuda su yi masa addu'ar warkarwa, al'adar da aka rufe a 1946.

An samu sauye-sauye, amma a hankali. A 2012 aka rage shekarun fita mishan na mata daga 21 zuwa 19, adadinsu ya yi tsalle. A Afrilun 2013 Jean Stevens ta zama mace ta farko da ta yi addu'a a babban taron cocin na duniya, shekara 183 bayan kafa ta. A 2019 aka ba mata damar zama shaidun baftisma da na ɗaurin aure a haikali. Wadda ta nemi fiye da haka ta gamu da bango: Kate Kelly, lauyar da ta kafa ƙungiyar neman a naɗa mata firistoci a 2013, an kore ta daga cocin a Yunin 2014.

Ba daidai ba ne a ɗauka duk matan suna jin an danne su. Da yawa suna cewa ba su buƙatar muƙamin bishop, aikin da ke hannunsu ya ishe su, kuma a haikali mata na gudanar da wasu ibadu ga mata ƴan uwansu. Wasu kuma sun zauna ne suna ta gardama daga ciki. Da wata mataimakiyar Camille Johnson ta ce a Maris na 2024 ba ta san wani addini da ya ba mata iko kamar nasu ba, dubban mata masu zuwa coci kowace Lahadi ne suka mayar mata da martani a Instagram, da sunayensu.

Kishiyar da ke jira a lahira

Abin da mutane suka fi tambaya shi ne auren mace fiye da ɗaya. An yi shi. Cocin da kanta ta amince a 2014 cewa Joseph Smith ya auri mata tsakanin 30 zuwa 40. Gwamnatin Amurka ta yi ta ɗaure maza tana ƙwace kadarorin coci har shugaba Wilford Woodruff ya sanar da dainawa a 1890, kuma tun 1904 wanda ya ƙara aure ana korarsa. Ƙungiyoyin da ke yi har yau, kamar ta Warren Jeffs da kotun Texas ta yanke wa ɗaurin rai da rai a 2011 kan lalata da ƙananan yara, ɓallewa suka yi, ba sa cikin cocin.

Tarihin bai tafi a miƙe ba. Matan Yuta sun samu ƴancin jefa ƙuri'a a 1870, shekara 50 kafin ya game Amurka. Martha Hughes Cannon, likita kuma mata ta huɗu a gidan mijinta, ta tsaya takarar majalisar dattawan jihar a 1896 a jam'iyya daban da tasa, ta ci, shi ya faɗi. Ita ce mace ta farko da ta riƙe irin wannan kujera a Amurka, kuma a Disamban 2024 aka kafa mutum-mutuminta a ginin majalisar dokoki da ke Washinton.

Amma akwai saura a cikin koyarwar. Namijin da matarsa ta rasu zai iya ɗaura auren har abada da wata a haikali ba tare da an warware na farko ba. Mace mai rai kuwa da miji ɗaya kawai za a ɗaura mata irin wannan aure. Russell Nelson, wanda ya rasu a Satumban 2025 yana da shekara 101, da magajinsa Dallin Oaks, dukkansu sun sake aure a haikali bayan rasuwar matansu na farko. Ga macen da ta yi imani da gaske cewa auren haikali ba ya ƙarewa, ma'anar a fili take: tana iya tarar da kishiya a lahira. Marubuciya Carol Lynn Pearson, wadda mamba ce, ta wallafa littafi guda a 2016 kan wannan fargaba, bayan ta tattara bayanan dubban mabiya.

A Afirka ta Yamma

Har zuwa Yunin 1978 baƙar fata ba ya zama firist a cocin, kuma mace baƙa ba ta yin alkawuran haikali. Jane Manning James, baƙar fatar da ta yi tafiyar ɗaruruwan kilomita a ƙafa zuwa Nauvoo a 1843, ta yi shekaru tana rubuta wa shugabanni roƙon a bar ta ta yi waɗannan alkawura, ta rasu a 1908 ba a amince mata ba. Watanni kaɗan bayan ɗage haramcin, a Nuwamban 1978, aka yi wa wani malamin makaranta a kudu maso gabashin Najeriya, Anthony Obinna, baftisma, bayan ya shafe shekaru yana aika wasiƙu Salt Lake City. Matarsa Fidelia ce ta zama shugabar Relief Society ta reshen farko. A Gana, Priscilla Sampson-Davis ta fassara Littafin Mormon zuwa harshen Fante. Da gwamnatin Jerry Rawlings ta rufe majami'un cocin a Yunin 1989, kusan wata 18 a cikin ɗakunan gidaje aka riƙa yin ibada, har aka ɗage dokar a ƙarshen 1990.

Yau mabiya sun haura 200,000 a Najeriya, sun haura 100,000 a Gana. An buɗe haikalin Akra a 2004, na Aba a 2005, na Abijan a Mayun 2025. A nan tambayoyin matan ba irin na Yuta ba ne. Ushiri daga ribar tebur a kasuwa ake cire shi, wadda ba ta da tabbas daga yau zuwa gobe. Tanadin abincin wata 3 wani abu ne daban ga gidan da ke awo kullum.

Dokoki biyu ne suka fi taɓa su kai tsaye. Ta farko, wanda ke cikin auren mace fiye da ɗaya ba a yi masa baftisma, namiji ne ko mace. Magidanci mai mata biyu da ya so shiga sai ya rabu da ɗaya, kuma wadda aka rabu da ita, da ƴaƴanta, ita ke ɗaukar nauyin shawarar da ba ita ta yanke ba. Ta biyu kuɗin aure ne. A wani jawabi ga mabiyan Afirka a 2010, Dallin Oaks, wanda yanzu shi ne shugaban cocin, ya soki al'adar, yana cewa tana jinkirta auren samari da ƴan matan da suka dawo daga mishan, ya nemi iyaye su daina karɓa. Iyayen da ke cikin cocin wasu sun rage, wasu sun yafe. Amma budurwa da yawa ita kaɗai ce mamba a gidansu, kuma baffanninta ba su san wani Oaks ba. Idan ba a kawo kaya ba, a idon dangi ba a yi aure ba, ko da an ɗaura shi a haikalin Akra. Idan an tsaya tara kayan, bikin na iya jan shekaru, alhali cocin ta hana zama tare kafin aure.